Ƙarfen da Ke Cikin Katangar Mama

Duk wanda ya san ni a Mubi ya san bakina ba ya riƙe magana. Tela ce ni, shagona yana nan bakin kasuwa, kuma in mace ta kawo atamfa ta ce in yi mata ɗinkin da bai dace da jikinta ba, a take nake gaya mata, in ta ga dama ta kwashi kayanta ta yi gaba. Mama ta sha cewa tun ina goye nake gardama. To wannan bakin ne ya raba ta da gonarta. Kowa ya ce daidai na yi. Fasto ya faɗa, kawuna ya faɗa, har sojan da ya yi aikin ya faɗa. Ni ma in aka tsare ni, haka zan ce. Amma duk ranar da na dawo daga shago na tarar da tsohuwar nan zaune a tsakar gidana, hannuwa a kan cinya, sai in ji kamar na sace mata wani abu kuma ta san ni ce.

Ƙauyenmu yana can wajen Kwaja, a jikin duwatsu. Wanda ya tashi a fili ba zai gane irin nomanmu ba sai ya gani da ido. Gonar Mama hawa-hawa ce kamar matakala, ta taso daga bakin mayo, wato rafin da ke gindin tudun, ta yi sama har inda manyan duwatsu suka tare hanya. Kowane hawa akwai katangar da ke tare shi, tsayinta zuwa ƙugu, ba siminti ba laka, dutse ne kawai a kan dutse. Katangar ce ke riƙe ƙasa. In babu ita, ruwan sama guda ya isa ya share komai ya zuba a mayo. Ita ƙasar ma ba a wurin aka same ta ba. Kakana da kakata ne suka riƙa ɗebo ta a kwando daga bakin mayo suna hawowa da ita a ka, babana ya ɗora daga inda suka tsaya, Mama kuma tana amarya aka miƙa mata nata kwandon. Da babana ya rasu, ita kaɗai ta ci gaba, dawa a hawan sama, gyaɗa da wake a tsakiya, kuɓewa da yakuwa a ƙasa inda danshi ya fi zama.

Doka ɗaya ce a gonar tudu, kuma da bulala aka koya mana ita: ba a barin dutse a kwance. Duk abin da fartanya ta buga ya yi ƙara, sai ka tono shi, ka ɗauka, ka kai katanga ka nema masa gurbi. Ina ƙarama na taɓa shure wani ɗan dutse ya gangara, Mama ta sa na sauka har mayo na nemo shi, ina kuka tana kallona ko a jikinta. Na tsani aikin nan, Allah ya sani. Shi ya sa da na samu hanyar koyon ɗinki a cikin gari, ban ko waiwaya ba.

A ƙarshen 2014, dawa ta fara nuna ke nan, mutanen daji, masu tayar da ƙayar bayan nan, suka shigo Mubi. Ba zan tsaya ba da labarin gudun ba, kowa a nan yana da nasa. Ni da yarana muka bi ta duwatsu a ƙafa muka tsallaka Kamaru. Mama ma sai da kawu, ƙanenta, ya ja ta da ƙarfi kafin ta bar amfaninta a tsaye ta biyo mu. Muna can muka ji cewa mutanen dajin sun ɓuya a kogon duwatsun da ke saman gonakinmu, jiragen yaƙi suna zuwa suna yi musu luguden wuta. Bayan an kore su kuma, sojoji sun yi sansani a gindin tudun na ɗan lokaci, suna gwada manyan bindigoginsu a jikin dutsen nan dai, tunda babu kowa a wurin. Saboda haka kada a tambaye ni ƙarfen da ya rage a gonar na wane ne, ban sani ba.

Da muka dawo, na tarar da shagona a buɗe, babu keken ɗinki, babu ko almakashi. Hankalina duk ya koma kan yadda zan tashi. Mama kuwa ba ta zauna a gari ba, ta wuce ƙauye. Ta tarar wuta ta cinye dawar, katangu sun ɓare a wurare da dama, duwatsun wasu sun farfashe, wasu sun gangara inda ba za ta iya ɗaukowa ba. Maza sun yi ƙaranci a ƙauyen, kowa kuma da tasa ɓarakar. Ita kaɗai ta tsuguna ta gyara kafin damina. Nakan je in gaishe ta, in kai mata gishiri da sabulu, in zauna a gida, in dawo. Ko sau ɗaya ban hau gonar ba. Da kaka ta yi, ta aiko mini da dawa da gyaɗa, muka ci ni da yarana, ina ta yi wa mata alfahari a shago cewa uwata ta fi maza.

Sai shekarar da ta biyo, bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta aiko cewa bayanta na ciwo, in zo in taya ta sassabe. Na rufe shago ina mita na tafi. Da safe muka hau. Ta riga ta tara karan bara ta jera shi a gindin kowace katanga, kamar yadda ake yi, don ranar da iska ta kwanta a sa wuta, tokar ta zauna a gonar, hayaƙin kuma ya kori ɓeraye da macizan da ke cikin ramukan duwatsu. Na yi aiki kaɗan na gaji, na je na zauna na jingina da katanga. Wani abu ya tokare ni a baya. Na juya na duba, ba dutse ba ne. Ƙarfe ne mai tsatsa, kaurinsa kamar kwalbar manja, gindinsa ya leƙo waje da 'yan fikafikai. An cusa shi tsakanin duwatsu daram, har an sa masa 'yan ƙanana a gefe don kada ya motsa.

Ni ba soja ba ce, amma bayan dawowarmu an zo cocinmu a gari an nuna mana hotunan irin waɗannan, an ce bama-bamai ne da suka faɗo ba su fashe ba, ko da sanda kada a taɓa. Na miƙe a hankali.

"Mama, mene ne wannan?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ƙarfe."

"Ƙarfen me?"

"Na sama. A gona na tsince su. Sun fi dutse zama, ba sa mirginawa."

"Su? Mama, ba ɗaya ba ne?"

Ta ɗaga fartanya ta nuna sama, ta nuna ƙasa. Wato ko'ina. Duk inda katanga ta ɓare dutse bai isa ba, da su ta cike. Dokar da ta koya mana ce kawai ta bi: fartanya ta buga, abu ya yi ƙara, ta tono, ta ɗora a gammo, ta kai katanga.

Kai, ranar na yi hauka! Na yi ta faɗa tana cewa in rage murya. Na ce so take ta kashe kanta? Ga kara ta jera a gindinsu, wuta za ta sa wa bam kamar mai gasa masara? Na gaya mata maganganun da ba a gaya wa uwa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce cikin yarenmu, a hankali, "A kaina na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. In masu tashi ne, da sun tashi a kaina. Damina guda suka yi a nan suna riƙe ƙasa. Dawar da kika ci, su suka riƙe ta."

Na ce zan je in gaya wa sojoji. Nan fa ta ajiye fartanya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Mama ba, ko ranar gudu, sai ranar nan. Ta ce ta ji yadda suke yi, ba sa ɗauka, a inda suka tarar da abu a nan suke fasa shi. "Za su fasa mini katanga, ga ruwa ya kusa. Ki bari in shuka, in girbe. Da kaka ki je ki faɗa, ni da kaina zan raka ki. In sun fasa a lokacin, ina da rani guda in gyara." Ta ce bana ba za ta sa wuta ba, za ta kwashe karan ta kai gida. Ta ce ba za ta kai fartanya kusa da su ba. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta kama gefen zanena tana cewa, "Ki yi mini wannan, 'yata."

Na san tun a lokacin cewa maganarta a kan hanya take. Amma na dubi katangar da na jingina da ita, na tuna nan take zama kullum da rana ta ci ɗumamenta. Na tuna wata da watanni za ta yi tana saran ƙasa a gefensu. Kuma na san halin uwata, in ta ga ɓera ya fito daga katanga, alkawarin wuta ya tashi. Na zare zanena daga hannunta na gangara. Ta gane abin da zan yi.

Wurin kawu na nufa. Shi Musulmi ne, mu Kirista, haka danginmu yake tun asali, kuma duk abin da ya taso gabansa ake kai wa. Na same shi yana gyaran danga. Da ya ji, ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yayata za ta ji zafin wannan har ta mutu, kin sani?" Na ce na sani, gara ta ji zafi tana da rai. Ya dube ni ya ce, "Ke dai bakinki." Amma ya sa hularsa ya raka ni wurin jauro, mai unguwarmu, daga can muka wuce zuwa shingen sojoji da ke kan hanyar gari muka sanar da su.

Bayan 'yan kwanaki suka zo, masu aikin kwance bam, su kaɗan a mota ɗaya. Babbansu mutum ne mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya hau shi kaɗai ya duba wanda na gani, ya sauko yana share gumi. Ya durƙusa gaban Mama a ƙofar gida ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ki taimaka ki nuna mana sauran." Ta yi kamar ba ta jin Hausa. Kawu ya maimaita mata da yarenmu, ta kau da kai. Sai sojan ya ce, ba da faɗa ba, in ba a nuna musu ba dole su rufe tudun gaba ɗaya, da gonarta da na maƙwabta, har sai sun bi kowace katanga da na'ura, kuma hakan zai cinye daminar. Mutane sun taru a bakin danga suna ji. Aka fara gunaguni, wata ta ce ita marayu take ciyarwa da tata gonar.

Mama ta miƙe, ta shiga ɗaki ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta ɗauki sanda. Ta wuce ta gabana kamar ba ta gan ni ba. Daga ƙasa muka tsaya muna hangen su, ita a gaba, shi a baya da gwangwanin jan fenti. In ta tsaya ta nuna da sanda, sai ya shafa fenti a dutsen gefe, su wuce. Wasu a fili suke, wasu ta rufe su da duwatsu, sai ita ta san suna ciki. Kafin su sauko, gonar ta cika da jan tabo tun daga ƙasa har sama, babu hawan da ya tsira.

Na tare babban sojan a bakin motarsu. Na ce, "Oga, don Allah, ba za a zare su ba? Tsohuwa ta ɗauke su a ka ba abin da ya faru, ku da kayan aiki sai kun fasa?" Ya ce, "Madam, ita ba ta san abin da ta ɗauka ba. Ni na sani." Ya ce sun sha rana da ruwa, sun yi tsatsa, duwatsu sun danne su, wanda bai tashi jiya ba yana iya tashi yau don an ja shi kaɗan, kuma yaransa ma 'ya'yan wasu ne. Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka. Ni da na kira su, ni ce kuma nake roƙon su tafi. Ya bar ni na gama, ya ce gobe da safe kowa ya tsallaka mayo.

Washegari duk ƙauyen muka koma bayan coci, a ƙetaren mayo, da awaki da komai. Suka ja wayoyinsu, suka jera buhunan yashi, suka busa usur. Nakiya ta farko da ta tashi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu, yara suka fashe da kuka, matan da suka tuna gudu suka kwanta ruf da ciki. Mama tana zaune a kan wani kututture, ba ta toshe kunne ba. Da ƙura ta lafa, ta dubi katangar da ta yi giɓi, ta ce, "Ta kakanki ce." Ba da ƙarfi ba, kuma ba ta dube ni ba, amma da ni take. Aka sake busa usur. "Wannan babanki ya ɗora ta shekarar da na haife ki." Haka ta yi ta yi, ana fasawa tana faɗin mai ita. Da aka zo hawan sama ta ce, "Tawa."

Da aka gama, babban sojan ya nemo ni. Ya ce yawancinsu da ransu, har wanda na jingina da shi, daga ƙarar ya gane. Ya ce da an sa wa karan nan wuta, da ba a samu abin binnewa ba. "Kin ceci uwarki," in ji shi. Na riƙe maganar nan gam, na yi ta maimaita wa kaina.

Da an bar mu mun hau a ranar, da wataƙila mun toshe wani abu. Amma sun ce babu mai shiga sai sun dawo sun bi wurin da na'ura, don fashewa takan tono wasu da ke binne. Suka zagaye gonar da duwatsu masu jan fenti, suka ce sai mako mai zuwa. Ba su zo ba. Ba na zarginsu, su kaɗan ne, garuruwan da ke kiransu kuma da yawa. Ruwa dai ya riga su zuwa.

Da la'asar ya sauko, irin na farkon damina mai iska da tsawa. Muna tsaye a zauren kawu muna kallon tudun. Da farko ruwan ya riƙa tsayawa a kowane hawa kamar yadda ya saba, sai ya samu giɓi, ya bi, ya faɗa hawan ƙasa da nauyinsa, nan ma ya samu giɓi. Abin da ya rage na katangun ya riƙa zubewa da kansa. Ina gani da idona ƙasar da aka hau da ita a kwando tana saukowa baƙa ƙirin tana shiga mayo. Mama ta fita cikin ruwan, kawu na kira ba ta juyo ba. Na bi ta. Ta tsaya a bakin mayo, ta sunkuya ta kamfato ruwan da hannu biyu, tana kallon lakar tana zirarewa ta tsakanin yatsunta. Na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Koma ciki, za ki yi mura."

Bayan damina sojojin suka dawo, suka bi gonar taku-taku da na'urarsu, suka tsinci 'yan abubuwa suka tafi da su, suka ce yanzu wuri ya yi tsabta, kowa na iya shiga. Tsabta kam ya yi. Na kira gayya, na dafa abinci, na rantse sai mun maido da katangun ko da shagona zai mutu. Mutane sun zo, ba laifi. Muka hau muka tarar da dutse tsirara, ko inda za a kafa fartanya babu. Wani dattijo ya ce ɗora katanga ba wuya, amma me za ta riƙe? Ƙasar sai an sake hawa da ita a kwando, kuma wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na tsohuwa ɗaya ba. Mutane suka ci abincin suka watse. Mama ba ta ma hau ba.

Na ɗauko ta na kawo ta gidana a unguwar Wuro Patuji, cikin Mubi. Ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da ta zage ni, da na samu abin mayarwa, ai ni gwana ce. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana cin abin da aka ba ta, sai dai in na sayo dawa a kasuwa takan murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ta tambaya ta ina ce. Da safe in tana share tsakar gida, duk tsakuwar da tsintsiya ta taɓa sai ta tsince ta kai gindin bango ta jera. Yarana suna dariya. Ni in na gani sai in shige ɗaki.

A 2017, ana gab da shuka, wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni labarin mijin ƙanwarta, can wani ƙauye ta wajen Bahuli. Yana sassabe fartanyarsa ta bugi irin ƙarfen nan. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafa. Allah ya yafe mini, abin da na fara ji ba tausayi ba ne. Na rufe shago tun rana ba ta faɗi ba na yi gida da sauri, kamar wadda ta samo shaida za ta kai kotu. Na tarar da Mama zaune inda na bar ta. Ko takalmi ban cire ba na zayyana mata komai, na ce, "Kin ji ko? Kin ga abin da nake gudu? Da yanzu ke ce."

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wayyo, bawan Allah. Allah ya ba shi lafiya." Sannan ta ce, "Gonar fa?"

Na ce, "Wace gona?"

"Tasa. Tana nan?"

Na ce ai tasa fili ce, rami kawai ya yi, an cike. 'Ya'yansa ma za su shuka bana.

Ta gyaɗa kai. "To, za su ɗauke shi su kai shi gindin bishiya ya zauna ya gani." Ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma ta dube su, duka biyun lafiya lau, har da kaushin tudu da bai gama gogewa ba. "Ni ga ƙafafu kin bar mini, 'yata. Ina zan je da su?"

Ba gori ta yi mini ba, tambaya ta yi, kuma ta jira in amsa. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na tsaya da jaka a hannu ina kallonta. Sai ta ce in ajiye jakar in ɗora ruwa, yara sun kusa dawowa.